Kiɗan Birazil a Hannun DJ: Tambayoyi da Amsoshi

Daga tsakiyar shekarun 1990 har zuwa bayan 2005, akwai wani nau'in faifai da ya cika shagunan kiɗa na Turai da Japan. A bangonsa za ka ga hoton bakin teku, ko launin kore da ruwan ɗorawa irin na tutar Birazil. A cikinsa kuma waƙoƙin samba da bossa nova ne da wani DJ ya jera ya haɗe, wasu yadda aka rera su tun asali, wasu an sake musu kiɗa da na'ura. Yau yawancinsu sun koma intanet, kuma mutum kan yi tuntuɓe da su ba tare da ya san daga ina suka fito ba. Ga amsoshin tambayoyin da sabon mai sauraro ya fi yi.

Mene ne faifan haɗin DJ, kuma me ya raba shi da tarin waƙoƙi na yau da kullum?

Tarin waƙoƙi shi ne a ɗauko waƙoƙin mutane daban-daban a zuba a faifai ɗaya, wannan ta ƙare, a yi shiru na daƙiƙa biyu, wata ta fara. A faifan haɗi babu wannan shirun. DJ yakan daidaita saurin waƙar da ke tafiya da na wadda zai shigo da ita, ya bar gangunansu su yi tafiya tare na ɗan lokaci, sannan ya janye ta farko a hankali. Idan ya ƙware, sai ka yi nisa cikin waƙa ta biyu kafin ka farga an canza. Faifan CD yana ɗaukar minti 74 zuwa 80, don haka yawancin waɗannan haɗe-haɗe tsawonsu ke nan, kuma an tsara su ne a saurare su daga farko har ƙarshe kamar tafiya guda.

Kamfanin !K7 na Jamus ya taimaka wajen ɗaga darajar wannan sana'a da jerin fayafayansa mai suna DJ-Kicks, wanda ya fara a 1995. Daga nan aka ƙara kallon haɗin DJ a matsayin aikin da za a buga masa suna a bango, kamar yadda ake buga na mawaƙi.

Rimiks fa? Ba shi ne haɗin ba?

A'a, abu biyu ne, ko da yake sukan zo tare. Haɗi aikin jera waƙoƙi ne. Rimiks kuwa aikin sake gina waƙa ɗaya ne. A situdiyo ana ɗaukar murya daban, jita daban, ganguna daban, kowanne a layinsa. Mai rimiks sai ya karɓi waɗannan layuka, ya riƙe abin da yake so, sau da yawa murya, ya zubar da sauran, ya gina sabon kiɗa a ƙarƙashi. Akwai kuma wanda ba ya samun layukan, sai ya yanko daƙiƙa huɗu ko takwas daga tsohon faifan garmaho ya yi ta maimaita su. Akwai na uku da ke tara makaɗa su sake kaɗa waƙar daga tushe, sannan ya haɗa da na'ura. Duk ukun za ka same su a faifai ɗaya, kuma ba kasafai ake rubuta wanne ne wanne ba sai ka karanta ƙananan rubutun da ke cikin takardar faifan.

Wane irin kiɗan Birazil ake ɗauka?

Birazil ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 200, kiɗanta kuma ba ya ƙirguwa, amma waɗannan fayafayai sun fi ɗiba daga rijiya uku ko huɗu.

Ta farko samba ce, wadda ta girma a Rio de Janeiro a farkon ƙarni na 20 a hannun baƙaƙen fata, da yawansu 'yan ci-rani daga jihar Bahia. Ta biyu bossa nova, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1950 daga unguwannin masu hali na bakin teku a Rio. João Gilberto ya tattara bugun gangunan samba ya mayar da shi kan yatsun jita ɗaya, ya rage murya kamar mai raɗa, Antônio Carlos Jobim kuma ya rubuta yawancin waƙoƙin. Faifan da Gilberto ya yi da mai busa Ba'amurke Stan Getz ya fito a 1964, ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1965, kuma tun daga lokacin bossa nova ta zama fuskar Birazil a waje.

Rijiya ta uku, wadda masu tono tsofaffin fayafayai suka fi ƙauna, ita ce ta shekarun 1970, lokacin da samba ta auri jaz da fonk na Amurka: Jorge Ben, Tim Maia, Marcos Valle, Joyce, Banda Black Rio, da ƙungiyar mutum uku mai suna Azymuth, waɗanda da bakinsu suke kiran kiɗansu "samba doido", wato mahaukaciyar samba. Sai kuma batucada, ganguna zalla babu waƙa, irin na ƙungiyoyin da ake kira makarantun samba, masu fita babban bikin titi na shekara-shekara (carnival). DJ yana son batucada don tana shiga tsakanin kowace waƙa biyu ta zama gada.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne kiɗan arewa maso gabas, irin su forró da maracatu, da kuma sertanejo, wanda a cikin Birazil ɗin kanta ya fi bossa nova masu sauraro nesa ba kusa ba. Wanda ya san Birazil ta waɗannan fayafayai kaɗai ya san unguwa biyu ne a Rio, ya ɗauka ƙasar ke nan.

Me ya sa kiɗan Birazil ya karɓi na'ura haka?

Akwai dalilin lissafi. Masu kiɗan na'ura suna auna sauri da yawan bugu a minti ɗaya. Kiɗan house yana tafiya a kan bugu 120 zuwa 128. Drum and bass, wanda aka haifa a Ingila a farkon shekarun 1990, yana gudu a wajen 170 zuwa 175. Samba mai matsakaicin sauri kuwa, idan ka ƙirga manyan bugunta, tana kusa da rabin wannan. Ke nan ana iya ɗora muryar mai rera samba a kan gangunan drum and bass ba tare da an ja ta ko an matse ta sosai ba: murya na tafiya a hankali, ganguna na ninka ta sau biyu, su biyun kuma su haɗu daidai a kan gaɓa.

Akwai kuma dalilin kunne. Bossa nova tana da sarari a cikinta. Murya ba ta ihu, jita ba ta cika wuri, ƙasan kiɗan kusan fanko ne. Mai rimiks yana da inda zai zuba nauyinsa ba tare da ya ture kowa ba. Wannan sauƙin ne ya jawo alherin, shi ne kuma ya jawo ɓarnar, kamar yadda za a gani a gaba.

A Birazil aka fara wannan salo?

Mamaki zai kama mai tambaya, amma a Landan aka fi dasa shi. A ƙarshen shekarun 1980 DJ biyu, Gilles Peterson da Patrick Forge, suna yin zaman kiɗa na ranar Lahadi da rana a wani gidan rawa mai suna Dingwalls a unguwar Camden. Matasan da ke zuwa masu rawar jaz ne, suna son kiɗa mai sauri mai ganguna, kuma tsofaffin fayafayan Birazil suka zo musu daidai. Matsalar ita ce fayafayan ba su samuwa a Ingila. Sai wasu suka mayar da abin sana'a: su tashi zuwa São Paulo da Rio, su bi shagunan gwanjo su sayi fayafayan da a lokacin mutanen gida ke zubarwa don sun koma CD, su cika akwatuna su dawo. Ɗaya daga cikinsu, Joe Davis, shi ya kafa kamfanin Far Out Recordings a 1994. Shagon Mr Bongo, wanda aka buɗe a Landan a 1989, shi ma ya zama kamfani, ya fitar da jerin Brazilian Beats.

Far Out ya yi wani abu da ya wuce sake buga tsoho. Ya koma ya nemo mawaƙan da kansu, irin su Azymuth da Marcos Valle da Joyce, waɗanda kasuwar gida ta ɗan juya wa baya, ya shigar da su situdiyo suka yi sababbin fayafayai. Da yake kamfanin ne ya mallaki waɗannan sababbin ɗaukar, sai ya zama yana iya miƙa layukan ga duk mai rimiks ɗin da ya ga dama ba tare da roƙon kowa ba. Daga baya ya fito da jerin Brazilika, inda ake ba DJ ɗaya faifai guda ya haɗa: Kenny Dope na New York ya yi nasa, 4hero na Landan suka yi, haka Andy Votel da Gilles Peterson.

Jamus ta bi sahu da nata salon. A Munich kamfanin Compost ya fitar da jerin Glücklich wanda Rainer Trüby ya zaɓa, akasarinsa kiɗan Turawa ne masu kwaikwayon Birazil. Akwai kuma jerin Brazilectro. A Italiya Nicola Conte na birnin Bari ya gina sunansa a kan bossa nova mai ƙamshin shekarun 1960. A Washington, Thievery Corporation sun sadaukar da faifansu na farko ga Jobim. A Tokyo ma kasuwar ta yi ƙarfi, har ya zama wasu tsofaffin fayafayan Birazil a Japan aka fara sake buga su a CD kafin a ƙasarsu.

To su 'yan Birazil hannu suka naɗe suna kallo?

Ko kaɗan, kuma a ganina mafi kyawun abin da salon ya haifar daga São Paulo ya fito.

Labarin mai tsara kiɗa Suba ya isa a tsaya a kansa. Sunansa na yanka Mitar Subotić, ɗan Novi Sad ne a ƙasar da yanzu ake kira Sabiya. Ya koma São Paulo da zama a farkon shekarun 1990, ya shiga cikin makaɗan garin ya zama nasu. A 1999 ya fitar da São Paulo Confessions, faifan da ba ya nuna Birazil ta bakin teku da rana, sai ta birni mai hayaƙi da cunkoso da dare. A watan Nuwamba na wannan shekarar gobara ta tashi a situdiyonsa ta yi ajalinsa, yana gab da kammala faifan Bebel Gilberto, 'yar João Gilberto. Faifan, Tanto Tempo, ya fito a 2000 ta hannun Ziriguiboom, reshen kamfanin Crammed Discs na Beljiyam, ya yi kasuwar da ba a zata ba, a 2001 kuma aka fitar da faifan rimiks ɗinsa sukutum. Duk wanda ya taɓa zama a wani otal ko gidan shan kofi a wancan zamani ya ji shi ko bai san sunansa ba.

Sai matasan gefen birnin São Paulo masu drum and bass. DJ Marky yana kaɗawa a gidajen rawar garin lokacin da Bryan Gee na kamfanin V Recordings ya gan shi a ƙarshen shekarun 1990, ya gayyato shi Landan. A 2001 Marky ya fitar da faifan haɗi mai suna The Brazilian Job. A 2002 waƙar LK, da ya yi da wani mai tsara kiɗa XRS a kan wata tsohuwar waƙar Jorge Ben da Toquinho, ta hau har mataki na 17 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Abokinsa DJ Patife shi ya sake gina Sambassim ta Fernanda Porto, wadda ta zama kamar taken wannan tafiya. Abin da ya bambanta su da na Turai shi ne ba a shago suka tsinci samba ba. Da ita aka goya su, a rediyon iyayensu suka ji ta, kuma hakan yana fitowa a yadda suke ajiye ganguna.

Yaya zan gane mai kyau daga na jeka-na-yi-ka?

Kasa kunne ga babbar ganga. A samba akwai wata ƙatuwar ganga mai suna surdo, ita ce zuciyar kiɗan. Bugu biyu take yi a gaɓa: na farko a danne, na biyu a sake, mai nauyi. Wato nauyin samba a kan bugu na biyu yake. Kiɗan house kuwa na'ura ce ke buga ganga huɗu a jere, kowanne nauyinsu ɗaya, kamar ana dakan sakwara da inji. Malalacin mai rimiks zai ɗauko muryar mace mai laushi, ya shimfiɗa waɗannan bugu huɗu a ƙarƙashinta, ya yafa ƙarar igiyar ruwa da kukan tsuntsu, ya ce ya gama. Da zarar ya yi haka ya kashe surdo, kuma abin da ya rage sunan samba kawai yake da shi.

Na biyu, ƙananan kayan kiɗa. Pandeiro wani ɗan tambari ne mai kacau-kacau a gefe da ake riƙewa a hannu ɗaya. Tamborim ƙaramar ganga ce da ake bugawa da sanda. Cuíca kuma ita ce mai kukan nan kamar biri na dariya, sanda ce a cikinta ake gogawa da jiƙaƙƙen ƙyalle. Idan mutum ne ke kaɗa su, ƙananan bugun ba sa faɗuwa daidai wa daida, wani yakan ɗan yi gaba, wani ya ɗan ja baya. Wannan ɗan karkacen shi 'yan Birazil ke kira balanço ko suingue, shi ke motsa ƙugu. Kwamfuta tana da maɓallin da ke miƙe kowane bugu ya hau layi, kuma wanda ya danna shi a kan pandeiro ya goge abin da ya zo nema. Masu kirki sukan yi akasin haka, su lanƙwasa na'urar ta bi makaɗin.

Na uku, duba takardar faifan. Idan an rubuta sunan mawaƙin asali, shekarar ɗauka, kamfanin da ya fitar, da wanda ya yi rimiks, alama ce mai haɗin ya san abin da ke hannunsa. Idan kuwa sunayen duk na ƙungiyoyin da ba a taɓa ji ba ne, bangon kuma hoton mace a bakin teku da kalmar "lounge" ko "chill", to yawanci mutum ɗaya ne a ɗaki ya yi duka da sunaye goma sha biyu don kada ya biya kowa. Bayan nasarar jerin Buddha Bar da Hôtel Costes na birnin Paris, waɗanda duka suka fara a 1999, irin waɗannan sun yi yawa kamar jamfa a Jos. Ba haramun ba ne a ji daɗinsu ana cin abinci. Kawai kada a ce an ji kiɗan Birazil.

Da wanne zan fara?

Wanda ke son ya ga tsoho da sabo gefe da gefe ya nemi Gilles Peterson in Brazil na 2004. Faifai biyu ne, ɗaya na tsofaffin waƙoƙi, ɗaya na sababbi, kuma jin su a jere darasi ne da kansa. Mai son gudu da zufa ya tafi wajen Marky. Mai son na zama da tunani ya fara da Suba. Wanda kunnensa ya saba da hip-hop zai fi jin daɗin Flight to Brazil na Madlib, wanda ya fito a 2010: babu rimiks mai sheƙi a ciki, tsofaffin fayafayai ne ake yankawa ana wucewa da sauri, har da ƙarar tsufan garmahon.

Shawarata guda ce: duk waƙar da ta kama ka, nemi ta asali ka ji. Sau da yawa za ka tarar wadda aka ɗauka a 1972 da makaɗa shida a ɗaki ɗaya ta fi rimiks ɗin nauyi.

Ina baile funk ya shigo a nan?

Wannan wani reshe ne daban, kuma ya zo ne kamar martani ga laushin da ya yi yawa. Baile funk, wato funk na Rio, kiɗa ne na unguwannin talakawa da ake kira favela. Daga kiɗan Miami bass na Amurka ya tsiro a shekarun 1980, kuma faifan Funk Brasil da DJ Marlboro ya fitar a 1989 shi ake ɗauka a matsayin farkon yin sa da harshen gida. Tun asali na na'ura ne, ba ya jiran wani ya yi masa rimiks. Ganga ce mai tsauri, murya mai tsawa, lasifika jere kamar katanga. A 2004 wani Bajamushe, Daniel Haaksman, ya tattara shi a faifan Rio Baile Funk: Favela Booty Beats, a shekarar kuma Diplo na Amurka ya fitar da haɗinsa mai suna Favela on Blast. Daga nan duniya ta san akwai wata Rio bayan ta Ipanema, unguwar masu hali ta bakin teku.

A yi hattara da shi a gaban yara ko manya: kalmomin waƙoƙin da yawa batsa ce tsirara, wasu kuma kirarin 'yan daba ne. Rashin jin harshen ba ya wanke su.

Mawaƙan asali suna samun wani abu kuwa?

Ya danganta, kuma nan ne hayaƙin yake. Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na wanda ya rubuta ta, da na wanda ya mallaki ɗaukar. Ɗaukar yawancin tsofaffin waƙoƙin Birazil tana hannun manyan kamfanoni ne. Abin da Odeon da Philips suka ɗauka a da, yau yana ƙarƙashin Universal, na Continental kuma yana wajen Warner. Faifan haɗi na halal sai ya nemi izinin kowace waƙa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa wani lokaci DJ ba ya samun saka waƙar da ya fi so, ko kuma a sake kaɗa ta daga tushe don a kauce wa kuɗin ɗaukar. A cikin Birazil hukumar ECAD ce ke karɓar kuɗin kaɗa waƙa a bainar jama'a ta raba wa masu haƙƙi. Amma fayafayan bayan fage, waɗanda aka buga ba suna ba izini, sun yi yawa a wancan zamani, kuma daga su mawaƙi ko sisi bai gani ba.

Rikicin ya girmi rimiks. A ƙarshen shekarun 1970 Jorge Ben ya ƙalubalanci Rod Stewart kan cewa amshin wata shahararriyar waƙarsa daga waƙar Taj Mahal ta Ben aka ɗauko shi, aka kuma sasanta, Stewart ya mayar da kuɗin waƙar ga UNICEF.

Sai dai a faɗi gaskiya, tonon ya raya wasu. Arthur Verocai ya fitar da faifai ɗaya a 1972, bai yi kasuwa ba, ya koma yin kiɗan talla shekara da shekaru. Masu tono da masu hip-hop suka gano faifan, aka sake buga shi a Amurka a 2003, a 2009 kuma ya tsaya a Los Angeles yana jagorantar babbar ƙungiyar makaɗa suna kaɗa shi a gaban jama'a. Marcos Valle da Azymuth ma yawon duniyar da suka yi da furfura a ka, wannan kasuwa ce ta buɗe musu shi.

Sai na ji harshen Fotugis kafin in ji daɗinsu?

A'a.  Kalma uku za su yi ta dawowa: saudade, wato kewa mai haɗe da bege, coração, zuciya, da mar, teku. Wanda ya riƙe su ya kama rabin zancen bossa nova. Amma waƙoƙin shekarun mulkin soja, 1964 zuwa 1985, da yawa habaici ne ga gwamnati a lulluɓe cikin zancen soyayya, kuma abin dariya ne ka ji an ɗora irin wannan a kan kiɗan shan iska a bakin wurin ninƙaya.

Me ya sa wasu gangunan ke yi mini kama da na gida?

Kunnenka bai yi ƙarya ba. Birazil ce ƙasar da aka fi kai bayi daga Afirka, fiye da mutum miliyan huɗu, kuma sai a 1888 ta haramta bauta, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka. Tushen samba ya fi komawa ga mutanen Angola da Kwango. Bahia kuwa ta cika da Yarbawa, har ƙarfen nan mai baki biyu da ake bugawa da sanda sunansa na Yarbanci ya tafi da shi, agogô.

Hausawa ma an kai su Bahia da yawa a farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, kuma tarihin jihar ya san su. Su ne suka shirya tawayen da aka bankaɗo a Salvador a 1807, su ne kan gaba a na 1814, kuma suna cikin boren Musulmi na watan Janairun 1835 da ake kira na Malê, wanda ya faɗo cikin azumi, ko da yake Yarbawa suka fi yawa a cikinsa. Wannan bai sa samba ta zama kiɗan Hausa ba, kuma kada a yi wannan iƙirari. Abin da za a ce shi ne salon mai bayarwa da 'yan amshi, da ganguna masu magana da juna, gado ne na Afirka da ya haye teku. Mawaƙan Birazil ma sun san da haka. Gilberto Gil, ɗan Bahia wanda ya riƙe muƙamin ministan al'adu daga 2003 zuwa 2008, ya zo Legas bikin FESTAC a 1977, ya haɗu da Fela Kuti, ya koma gida ya fitar da faifan Refavela a wannan shekarar.

Har yanzu ana yin irin waɗannan fayafayai?

A matsayin CD da ake saye a shago, kusan sun mutu. Haɗin kansa yana nan da ransa a Mixcloud da SoundCloud da YouTube da gidajen rediyon intanet irin su NTS, sau da yawa kyauta. Kamfanonin da suka rage sun fi karkata ga sake buga tsofaffin fayafayai a garmaho. Babban canjin shi ne yanzu ba sai wani ya taso daga Landan da akwati ba. Matasan Rio da São Paulo da Belo Horizonte suna yin funk ɗinsu a kwamfutar ɗaki, su saka a intanet da yamma, kafin wayewar gari DJ a Berlin ya kaɗa shi.

Ina son in gwada haɗa nawa. Me nake buƙata?

Kwamfuta, abin ji na kunne mai kyau, da manhajar haɗi irin su Rekordbox, Serato ko Mixxx, wadda kyauta ce. Ka sani tun yanzu cewa tsofaffin waƙoƙin za su ba ka wahala. Mutane ne suka kaɗa su, saurinsu yana hawa yana sauka, manhaja kuma takan ƙirga samba ba daidai ba, ta ba ka rabin saurin ko ninkinsa, ko ta ɗora alamar farko a kan bugun surdo na biyu don shi ya fi ƙara. Gyara alamar da hannunka. Kada ka tilasta wa kowace waƙa doguwar haɗuwa: tsakanin tsofaffi biyu, yankewa a kan gaɓa ko shigo da ɗan guntun batucada ya fi tsabta. Bar doguwar haɗuwar ga waɗanda aka yi da na'ura. Fara da waƙa goma, minti arba'in, ka rubuta sunan kowane mawaƙi da shekarar waƙarsa a ƙasan haɗin. Idan za ka saka shi a fili, Mixcloud yana da yarjejeniyar biyan masu haƙƙi. Sayar da shi kuwa sai da izinin kowace waƙa.